Tsakanin Mayo da Mayi

Makama, Yola,
Jihar Arewa maso Gabas.
Lahadi, 20 ga Agusta, 1972.

Zuwa ga ƙanena Hayatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma a kan busasshiyar ƙasa, ba a kan ruwan nan naka da ba shi da gaɓa ba. Allah Ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, Ya kuma ƙara maka hankali, don shi na ga ya fi yi maka ƙaranci a bana. In ka tambaye mu, muna nan da rai, alhamdu lillahi. Sauran bayani yana tafe, kuma ka daure ka karanta har ƙarshe, kada ka ninke takardar ka cusa a aljihu yadda ka saba.

Damina ta yi kyau. Binuwai ya cika ya batse, jiragen kamfani sun iso Jimeta suna lodin gyaɗa da fatu, yaran gari sun koma kwana a bakin ruwa kamar yadda kake yi da kana ƙarami. Gonar Bappa Bobboyi ta Namtari ta yi dawa har tana rufe mutum. Maigidana, baban su Na'inna, yana Maiduguri wajen kos, sai bayan damina zai dawo. Na'inna ta shiga aji uku, a ajina take, kuma ba na raga mata. Za ka ga da Hausa nake rubuto maka, ba da Fillancinmu na gida ba. Da gangan na yi, don abin da Fillanci ya ja mana a gidan nan ya ishe ni na shekara guda.

Hayatu, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba: a garin Yola ka mutu. An yi zaman makokinka, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an ci tuwo an yi maka addu'a. Liman ya yabe ka yabon da ban taɓa jin an yi maka ba kana raye. Ni kaina na yi kukan da sai da idona ya kumbura, na kasa ganin allo a aji. Duk wannan kuwa kana can Ikko kana cin shinkafa.

Ga yadda abin ya faru. Ka dai san kai ka aiko Apollos, abokin aikinku a jirgin kamun kifi, da ya ajiye aiki ya taho gida da akwatin abokinka marigayi Manasseh. Ka ce masa in ya sauke wa Liyatu kayan mijinta a Jimeta, ya ƙarasa Makama ya gaya wa Dada kana lafiya, ka koma ruwa. Wannan shi ne duk saƙon da ka ga ya dace ka aiko wa uwar da ta haife ka bayan ka kuɓuta daga bakin mutuwa, ba takarda, ba ko layi biyu. Bawan Allah ya cika alkawari, ya zo da hantsi. Ina makaranta, Bappa yana gona, ba kowa a gida sai Dada da matarka Fadimatu, ita kuwa ka san ba za ta fito gaban baƙon namiji ba, tana can ƙuryar ɗaki. Ya durƙusa a bakin ƙofar Dada da fuskar wanda ya fito daga gidan makoki, don daga can ɗin ya fito. Ya soma ba ta labari da Hausarsa, wadda mace da namiji duk "shi" ne a cikinta, ita kuma Dada Hausarta ba ta wuce ta cinikin nono ba, ga kunnen hagu ya daina aiki. Abin da ta tsinta a ciki shi ne hadari ya taso, ruwa ya ci mutane, ba a ga gawa ba. Sai ta tambaye shi da Fillanci ina Hayatu.

Da ya amsa mata da Hausa, da yanzu ban zauna ina ɓata tawadata ba. Amma sai ya ga ya kamata ya girmama tsohuwa da harshenta, ya lalubo ɗan Fillancin da ya tsinta a kasuwa, ya ce mata Hayatu mayo. Nufinsa kana kogi, kana ruwa. Ya haɗiye ƙarshen kalmar, kunnen Dada ya ƙarasa masa, ta ji Hayatu mayi, wato ka mutu. Wasali ɗaya ne tsakaninsu, ko 'yan ajina sun san haka, amma a kan wasalin nan aka kashe ka. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, da wata uwar ce da ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, shi kuma ya gane an yi kuskure nan take. Dada fa? Ka san ta da kunyar Fulani, ba za ta nuna wa baƙo zafin ɗanta ba ko da wuƙa a wuya. Ta sunkuyar da kai, ta ce to, haka Allah Ya so. Ba ta ƙara tambaya ko ɗaya ba. Har goro ta ba shi, ta yi masa sannu da hanya. Shi kuma ya tashi yana yaba haƙurin tsohuwa a ransa, wai an gaya mata ɗanta ya koma ruwan da ya kusa cinye shi amma ko gezau ba ta yi ba. Sai da ya fita daga zaure ta kira Fadimatu ta ce ta kwance kitsonta.

Kada ka ce me ya hana mu bincika. Mun bincika. Da na dawo na tarar da gida a haka, ban ko cire takalmi ba na hau mota zuwa Jimeta neman Apollos. Na tarar ya ɗauki Liyatu da 'ya'yanta sun tafi Numan wurin iyayen Manasseh, can za a yi makoki. Maƙwabta suka ce gaskiya ne, jirginku ya gamu da hadari a teku, mutane sun halaka, ba su dai san sunayensu duka ba. Bappa ya buga waya zuwa kamfaninku, har yau da nake rubutun nan ba su ga damar amsawa ba. To me ya rage? Uwa ta ce ta ji da kunnenta, gari ya ce an yi hadari, kai kuma shiru kamar an shuka dusa. Fadimatu ta shiga takaba. Mutanen Ngurore suka zo, na Namtari suka zo, dangin da rabonmu da su tun rasuwar Baba suka cika gida, rumbun Bappa ya ji jiki. Hamajoɗa ɗan Goggo ya yi kuka ya fi kowa, da zai tafi kuma ya hau kekenka, wai zai riƙa tunawa da kai.

Bayan an yi bakwai na ji labarin su Liyatu sun dawo, na ce ya zama dole in je in yi mata gaisuwa, tunda rashin namu ɗaya ne. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, matan cocinsu sun kewaye ta suna waƙoƙinsu a hankali. Ta rame ta yi baƙi. Na zauna kusa da ita, na kama hannunta, na ce Allah Ya haɗa mu a ruwa ɗaya, ita miji ni ƙane, sai mu yi wa juna haƙuri. Ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni wane ƙanen nawa ne ya rasu, ba ta ji ba. Na ce Hayatu mana. Sai ta ce a kira mata Apollos daga waje. Da ya shigo ya ji abin da ake ciki, sai ya dafe kai ya zauna a ƙasa daɓas. Ya rantse da Allah ya bar ka a bakin tashar jirgi da kwanon shinkafa da wake a hannu, ƙafarka ɗaya a ɗaure da bandeji, kana yi wa mai abinci faɗa a kan ta rage maka mai. Da na ji maganar man nan na san kai ne, ba wani ba.

Hayatu, guɗa ta kuɓuce mini. A gidan makoki, a gaban matar da mijinta ke ƙarƙashin teku, ni Zulaihatu malamar makaranta na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Waƙa ta tsaya cak, kowa ya juyo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wannan kunyar kai ka ja mini ita, kuma ban yafe ba tukuna. Liyatu ce ta cece ni. Ta ƙara riƙe hannuna, ta ce in bar jin kunya, ita ma ta gode wa Allah da ruwan bai haɗa su biyu ba. Sannan ta ce wa Apollos ya ba ni labarin tun daga farko, da Hausa, kada ya kuskura ya sa Fillanci ko kalma ɗaya. Har matan cocin sai da suka yi dariya cikin hawaye.

To na ji komai, abin da ka ɓoye mana duk na ji. Ya ce kun yi nisa da ƙasa har ba a ganin komai sai ruwa da sama, taru yana cikin ruwa ya cika da kifi irin cikar da ba ku taɓa samu ba, sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka. Tsofaffin ma'aikata suka ce a saki tarun a gudu, mai tuƙin jirgi ya ce a jawo shi tukuna, ba zai koma wa masu jirgi hannu wofi ba. Kafin injin ya jawo rabi iska ta iso. Ya ce igiyar ruwa takan taso ta fi soron masallaci tsawo, ta ɗaga jirgin ta maka shi, ga nauyin tarun yana jan gindinsa ƙasa, ruwa yana kwarara ɗakin inji. Wanda ke salati yana yi, wanda ke kiran Yesu yana yi, ba mai jin muryar wani. Sai da jirgin ya kwanta a gefe guda sannan aka ce a sare igiyar tarun, a lokacin kuwa ba mai iya tsayawa da ƙafarsa. Manasseh ne ya ɗauki gatari ya rarrafa, kai ka ɗaura igiya a ƙugu ka bi shi kana riƙe da rigarsa ta baya. Ya sare, jirgin ya miƙe, ruwan da ya biyo baya ya share saman jirgin ya tafi da shi da wasu mutum biyu. Kai kuma igiya ta riƙe ka, aka jawo ka da ƙyallen riga a hannu. Apollos ya ce da ƙyar aka ɓamɓare yatsunka daga ƙyallen. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka tafi, Ya ba iyalansu dangana. Da na ji wannan sai tausayinka ya kama ni, na yi kuka na biyu wanda ya fi na farko zafi.

Amma tausayin bai kai ni gida ba, haushi ya karɓe shi a hanya. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, a ce ƙafarsa ba ta ko warke ba ya sake sa hannu a wani jirgin? Kai wane irin taurin kai ne da kai? Mu jikokin masu shanu ne, kakanmu ko Binuwai zai haye sai ya yi alwala ya yi wasiyya. Kai tun kana yaro ake ciro ka daga kwalekwalen mutane da bulala, Baba ya yi faɗa har ya gaji, ka bi jirgin gyaɗa ka gangara, daga kogi ka faɗa teku. An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kai ka ji hohon ma ka ƙi bari.

Na dawo Makama da gudu da labari. Bappa ya yi hamdala ya yi sujada, sannan ya tashi ya zage ka tas, ya ce a gaya wa Fadimatu ba takaba a kanta. Ita kuwa baiwar Allah ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta yi wanka ta sa kwalli ranar, washegari ta goge, don ta ce ba ta iya ratsa tsakar gida da ado alhali surukarta tana zaman makoki. Yanzu tana nan ba ita a matan aure ba ita a masu takaba, in ta je rijiya mata suna ƙus-ƙus. Hamajoɗa ya dawo da keke ba ƙararrawa. A kasuwa an sa maka suna Mai-rai-biyu, masu shayi suna tambayata wai in ka dawo za ka rama musu tuwon sadaka. Duk wannan mai sauƙi ne, ana dariya a wuce.

Abin da ba na dariya ba shi ne Dada. Hayatu, Dada ba ta yarda ba. Na gaya mata a kunnen dama, da ƙarfi, sau ba adadi. Ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta san dabara ce muka ƙulla da Bappa don ta ci abinci. Na ɗauko Apollos takanas na kawo shi gabanta, ya durƙusa ya yi ta nanata mayo, mayo, yana zana ruwa da hannu a iska, har da kwaikwayon mai tuƙa kwalekwale. Ta dube shi ta ce yaron kirki ne, amma ranar farko ba wanda ya koya masa abin da zai faɗa, yau kuwa an koya masa. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ta saurare shi da ladabi, da ya fita ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, ko sunanka ba ta kamawa. Fura ce kawai take kurɓa, ita ma sai na tsaya a kanta. Zanen da take ɗaurawa yanzu yana zagaya ta har ya yi saura. Jiya da za ta tashi daga buzu sai da Fadimatu ta ɗaga ta. Malamin asibiti ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba, abinci take bukata. Ina tsoro, Hayatu. Na rubuta maka shi ƙarara don kada gobe ka ce ba a gaya maka ba: in aka ci gaba a haka, ba na jin za ta ga kaka.

Kuma kada ka ce za ka aiko da takarda ko hoto. Na riga na gwada mata wannan, ta ce takarda ba ta da murya, kowa yana iya rubutawa ya sa sunan wani, hoto kuma har na matattu ana ajiyewa. Gani ya kori ji. Kai kanka take bukata, da ƙafarka mai bandeji.

Na san abin da ya hana ka zuwa, don ni na goye ka, ba yau na san ka ba. Kai ka zuga Manasseh ya bar fito a Jimeta ya bi ka Ikko, kai ka ce masa teku ta fi kogi albarka. Yanzu kana ganin ba ka da idon da za ka dubi Liyatu da 'ya'yanta, gara ka koma cikin hadari da ka tako ƙofar gidanta. Wato kunyar da ta hana Dada yin tambaya ta biyu ita ce ta hana ka hawa mota. Ku biyu kun ishe ni, wallahi. Kunya ado ce, amma wadda za ta kashe tsohuwa ba ado ba ce, wauta ce. To ka ji abin da Liyatu ta ce in gaya maka, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce mijinta ba yaro ba ne, da ƙafarsa ya tafi. Ta ce ba ta riƙe ka da komai ba. Abu ɗaya take so: ba ta da kabarin da za ta nuna wa 'ya'yanta, saboda haka tana so wanda ya gan shi a ƙarshe ya zo ya zauna a gabansu, ya gaya musu da bakinsa yadda ubansu ya ceci jirgi. Apollos yana ɗakin inji a lokacin, ji ya yi. Kai ne ka gani.

Saboda haka ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka je ka gaya wa masu jirgin uwarka ba ta da lafiya. In sun ba ka hutu, madalla. In sun hana, kifin teku ba zai ƙare ba kafin ka dawo. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Jos, ka nemi motar Yola. Kada ka tsaya sayen tsaraba, ba mai bukatar atamfarka. Zumunci a ƙafa yake.

Bappa Bobboyi yana gaishe ka, ya ce sauran faɗan sai ka zo. Goggo tana gaishe ka, da Hamajoɗa, wanda ya ce ƙararrawar da ma a kwance take. Fadimatu kuwa, ka san kunyarta, tun da na zauna rubutun nan ta share ƙofar ɗakina ya fi a ƙirga, gaisuwarta ke nan. Na'inna da ƙannenta suna gaida kawunsu. Apollos yana gaishe ka, ya rantse ya bar Fillanci har abada. Liyatu da yaranta suna gaishe ka. Ka gaida mutanenmu na Adamawa da ke wurin, da duk wanda ya taimake ka ranar nan.

Dada ce kaɗai ba ta aiko da gaisuwa ba. Na je na durƙusa na ce ina rubuta maka takarda, me za a ce maka. Ta ce ba a aika wa mamaci gaisuwa, addu'a ake yi masa. Na ce Dada, don Allah, yana da rai. Ta ce in daina wahalar da kaina. Ta ce ita ta san ɗan da ta haifa: da yana numfashi a duniyar nan, abokinsa ya mutu a hannunsa, ko da rarrafe ne da ya zo ya yi wa matarsa gaisuwa. Tunda bai zo ba, ya mutu.

In kana da amsar wannan, ka kawo mata da kanka.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce addarka,
Zulaihatu.